Ranar Korar Ligio

Kasko na uku ke kan wuta lokacin da Ligio ya leƙo kicin, riga a kafaɗa, yana laluben tabarau.

"Dushi, masoyiyata, duk wannan na waye? Biki ake yi ban sani ba?"

"Na mutane ne," in ji matarsa Wina, wadda unguwa ke kira Tanchi, wato gwaggo, ko juyowa ba ta yi ba. Ta tsamo pastechi shida, irin samosar garinmu, daga mai, sun yi jawur sun kumbura, cuku na tsattsafowa ta gefensu, ta jera su a faranti. "Tabarau ɗinka yana goshinka."

Ya sauko da shi kan hanci, ya dubi farantai huɗu cike fal, ga wani ƙullin fulawa yana jira a roba. Sai jikinsa ya yi sanyi. Ya matso ya dafa kafaɗarta.

"Saboda ni kika tashi tun asuba. Shekara talatin da shida, Wina, ba ki taɓa barina na ji kunya ni kaɗai ba."

Ta ce masa ya matsa kada mai ya fallatsar masa. Ba don mai ba ne. Kunya ce ta kama ta, domin in akwai mutum ɗaya a unguwarmu ta Seru Tuna da ya ƙudura sai an kori Ligio daga aikin kocin ƙwallo a yau, to ita ce.

Ranar Juma'a ce, ranar da duk tsibirinmu na Curaçao ke jefa ƙuri'ar raba-gardama. Zaɓi huɗu aka ba mu a takarda: mu riƙe mulkin gidanmu amma a ƙarƙashin sarautar Holan, ko mu yanke igiya gaba ɗaya mu zama ƙasa mai cin gashin kanta, ko mu zauna yadda muke tare da sauran tsibiran, ko kuma mu narke mu zama wani yanki na Holan ɗin. Wata uku rediyo ba ta da wata magana. Amma mu a Seru Tuna muna da tamu rigimar da ta fi wannan zafi. Ƙungiyar ƙwallon unguwa ta buga wasa tara ba ta ci ko ɗaya ba. Wasan ƙarshe ma biyar aka zura mana, a gida, a gaban fadan coci da 'yan makaranta.

Chito direban ƙaramar bas, wanda muryarsa ta fi hon ɗin motarsa ƙara, shi ya rubuta "LIGIO TAFI GIDA" a jikin zanen gadon matarsa ya rataye a katangar fili. Shi ne kuma ya ce tunda ƙasa za ta yi ƙuri'a, to unguwa ma ta yi tata, a rana ɗaya, a gindin tsamiyar da ke gaban makaranta. Dattawan kwamitin ƙungiya suka yi dariya suka ce to. Kafin su farga, an buga takardu, an samo jan fensir irin na gwamnati, an huda murfin wata kula ta ƙanƙara an mai da ita akwati. Ligio da kansa ya tsaya bayan coci ya ce duk abin da jama'a suka yanke ya yarda.

Ita kuwa Wina abin da ke ranta daban ne. 'Yarsu ɗaya tilo, Shurenska, tana jinya a wani asibiti a Tilburg, can ƙasar Holan, ta haifi 'ya mace wata takwas da suka wuce. Wina ba ta taɓa ɗaukar jaririyar nan ba. Hoto kawai, da kuka ta waya. Saura mako uku a yi mata baftisma, kuma Shurenska ta ce ba ta son ganin uwa ba uba. Shi kuma gogan naka, shekara goma sha tara yana koci, kullum da dalili: gasa ba ta ƙare ba, yara na bukatarsa, gola sabo ne.

"Ba zan gudu ana cinmu ba," haka ya ce mata. "In sun kore ni, washegari ki yanko mana tikiti. Amma ni da ƙafata, ana min ihu, na ajiye? Sai dai bayan raina."

To, shi ke nan. A kore shi mana. Matsalar ita ce Wina ta san mutanenmu sarai. Masu ihun nan baki ne kawai. Ranar zaɓe doka ta hana sayar da giya, shagon kwana a rufe, rana kuma kamar ta gasa mutum. Kowa zai jefa ta gwamnati ya gudu gida ya kwanta a ƙarƙashin fanka, a bar tsofaffin abokan Ligio 'yan wasan domino su zo su cece shi. Dole a samu abin da zai tsayar da fusatattu a gindin tsamiya. Ba za ta iya fitowa titi ta ce a kori mijinta ba, don ba zai ƙara ɗaga kai a garin nan ba. Amma ba wanda ya hana ta soya pastechi.

Ƙarfe tara ta shiga layin makaranta. Layin ya miƙe har bakin famfo, kowa da lema ko jarida a ka, gardama kuwa kamar a kasuwar kifi.

"Shekara nawa za mu yi ana ba mu nono a kwalba?" wani tsohon ma'aikacin matatar mai ke cewa. "Mu tsaya da ƙafarmu!"

"Wace ƙafar? Wadda aka yi maka aikinta a Amsterdam?" wata mata ta amsa daga baya. Layi ya kwashe da dariya, shi ma ya yi.

Ma Chea, maƙwabciyar Wina, 'yar shekara tamanin da ɗoriya, ta riƙo hannunta. "Ni dai 'yar nan, wanne ne ba zai taɓa min fansho ba? Shi zan shafa wa ja."

Da Wina ta shiga bayan labule, ta ɗauki jan fensirin da aka ɗaure da igiya, ta daɗe tsaye. Mahaifinta ya mutu yana mafarkin ganin tsibirin nan ba tutar kowa a kansa sai tasa, kuma zuciyarta na can. Sai dai fasfo ɗin da ke jakarta shi zai kai ta Tilburg ba tare da ta roƙi kowa ba. Ta ce, "Baba ka yi haƙuri," a hankali, ta cike da'irar farko, ta mulkin gida. Ta ninke ta jefa. Ba ta ji daɗi ba, ba ta kuma yi nadama ba, ga aiki na jiranta a waje.

A gindin tsamiya Chito ya kafa tebur, ya ɗora kula a kai, ya saka tabarau baƙi kamar jami'in da aka turo daga waje. Mutum biyar ne kacal a wurin. Wina ta ja motar ɗaukar kayansu ta tsaya a gefe, ta buɗe baya, ta yaye tawul daga kan farantai. Ƙamshi ya tsallaka titi ya shiga layin makaranta.

"Kyauta ne!" ta ɗaga murya. "Duk wanda ya jefa ta unguwa, ya zo ya ɗauki biyu. Akwai na cuku, akwai na kifi, akwai na nama!"

Kai, jama'a! Cikin minti goma layin tsamiya ya fi na gwamnati tsawo. Wina na kallonsu tana murna a ciki. Ga masu jifa da bawon lemo a fili, ga mai busa ƙaho duk lokacin da Ligio ya canza ɗan wasa, ga 'yan uku na gidan makaniki da suka ƙirƙiro waƙar zagi mai baiti bakwai. Duk sun zo, ba wanda ya rage.

Abin da ta manta shi ne irin tarbiyyar da zaɓe ya yi mana a tsibirin nan. Tun muna yara mun san cewa ranar ƙuri'a abinci ba ya zuwa shi kaɗai. Wanda ya miƙo maka faranti, ya miƙo maka roƙo ne, in ka ci kuwa ka amsa. Ga shi kuma ba ɗan siyasa ne ya miƙo ba, Tanchi Wina ce, wadda ta wanke rigunan ƙungiya da hannunta tun kafin a sayi inji, wadda rabin layin nan ta taɓa ɗaure musu ciwon gwiwa.

Na farko ya karɓi pastechi, ya cire hula, ya ce, "Tanchi, kada ki damu." Na biyu ya kasa haɗa ido da ita. Mai ƙaho ya ɓoye ƙahonsa a bayan riga. Ma Chea ta fito daga makaranta, ta jefa tata a kula, ta zo ta rungume ta.

"Mace ta gari! Dubi yadda take tsaye a rana saboda mijinta. Ku ji kunya, 'yan banza!"

Wina ta janye jikinta. Ta dubi layin, ta ga fuskoki duk sun yi laushi, kowa na tauna yana sunkuyar da kai kamar a wurin makoki. Ta ce a ranta, na shiga uku.

Ta cika takarda da pastechi uku ta nufi tebur. Chito ya ɗaga hannu biyu.

"A'a, Tanchi. Ni jami'i ne yau. Ba na cin komai."

"Na kifi ne."

Ya haɗiye yawu. Ya duba hagu, ya duba dama, ya karɓa.

"Chito," ta rage murya, "tsakani da Allah, wasa tara fa. Ni kaina abin ya dame ni. Mutum ya ɗauki ɗan gaba ya mai da shi baya, ana cinmu uku ya cire mai cin ƙwallo. Ai shekaru sun ja. Kowa ya jefa abin da ke zuciyarsa, kada a duba ni."

Chito ya daina tauna. Ya cire baƙin tabarau, idanunsa sun kawo ruwa.

"Kun ji?" ya juya ga layi. "Kun ji abin da matar nan ta ce? Wai kada a duba ta! Wai mu bi gaskiya ko da a kan mijinta ne! Ina ake samun irin waɗannan mutane yanzu?"

"Ba haka nake nufi ba..."

"Kuma Tanchi, ki yi haƙuri, maganar ɗan gaban nan ba laifin Ligio ba ne. Yaron ba ya gudu! Ni na gan shi ranar Asabar yana rawa har ƙafarsa ta kumbura. Koci zai shiga fili ya buga musu ne?"

"Gaskiya ne!" wani ya ce. "Ga gola kamar ƙofar shago, kowa ya zo ya shiga."

"Alƙalan wasa ma ba sa sonmu tun fil azal."

"Filin ma fa? Duwatsu da ƙaya. Awaki ke kiwo a raga."

Wina ta tsaya baki buɗe tana jin mutanen da suka yi wata biyu suna tsine wa mijinta sun koma lauyoyinsa. Ta sake gwadawa wurin 'yan ukun makaniki, ta ce ai waƙarsu akwai gaskiya a ciki, musamman baiti na huɗu. Babbansu ya durƙusa ya ce wallahi sharrin zafi ne, ta yafe musu. Ta yi tunanin rufe farantan ta tafi gida, amma abin ya riga ya wuce nan, an ci an lashe yatsu.

Da azahar ta karɓi tata takardar. Da'ira biyu ce, ɗaya an rubuta "Ya zauna", ɗaya "Ya tafi". Ta juya baya, ta danna jan fensir a kan ta biyu har sai da bakinsa ya karye.

Can wajen ƙarfe uku Ligio ya iso cikin farar rigarsa ta zuwa coci, an goge ta tsaf. Ya gaisa da kowa hannu da hannu, har da Chito, ya karɓi takarda.

"Kai ma sai ka wahalar da fensir, Koci?" in ji mai ƙaho. "Ai mun san taka."

Ya yi murmushi, ya shiga bayan tsamiya, ya fito ya jefa. Daga nan ya je ya zauna kan bayan mota kusa da matarsa, yana ɗan kaɗa ƙafa kamar yadda yake yi in an ba mu fenariti.

Ƙarfe biyar aka yanke salatif ɗin kula. Malamar makarantar firamare aka sa ta karanta, don ita kaɗai kowa ya yarda da ita. Ta buɗe ta farko.

"Ya zauna."

Aka yi tafi kaɗan-kaɗan, kowa na satar kallon na kusa da shi.

"Ya zauna. Ya zauna. Ya zauna."

Da aka kai talatin ba a ji "ya tafi" ko sau ɗaya ba, sai dariya ta fara ɓarkewa, don kowa ya gane ba shi kaɗai ya karaya ba. Aka koma amsa mata kamar waƙa. Ta ce "Ya," jama'a su ce "zauna!" Wani ya jawo ganga daga mota. A ta sittin da wani abu malamar ta dakata, ta gyara tabarau.

"Ya tafi."

"Wane ɗan iska ne?" Ihu ya tashi. Ido duk ya koma kan Chito.

"Wallahi ba ni ba ne! Na rantse da kabarin uwata! Pastechi uku na ci, ya za a yi na jefa wannan?"

"To zanen gadon matarka fa?"

"Zan cire! Yau ɗin nan zan cire, ita ma tun tuni take nemansa!"

Can kusa da ƙarshe aka sake samun guda. Lissafi ya tsaya a ɗari da arba'in da ɗaya, da biyu. Aka yi kan Ligio, aka ɗaga shi sama da farar rigarsa, tabarau na lilo a kunne ɗaya, aka zagaya tsamiya da shi sau uku. 'Yan ukun makaniki suka rera waƙarsu da sababbin kalmomi nan take. Masu neman 'yancin kai da masu son Holan, waɗanda da safe suka kusa cin kwalar juna, ga su rungume da juna suna tsalle. 'Yan sandan da ke gadin makaranta ma suna kaɗa kai.

Wina ta zauna a bayan mota cikin farantai wayam, ta fashe da kuka. Kuka na gaske, na baƙin ciki, tana tuna ƙafafun jaririyar nan da ba ta taɓa sumbata ba.

"Allah sarki," in ji Ma Chea tana shafa mata baya. "Ku bar ta, daɗi ne ya yi mata yawa."

Rana ta yi ƙasa lokacin da suka kama hanyar gida. Ligio ke tuƙi, a hankali, saboda awaki. Suka wuce coci. Sai ya ce, "Biyu."

Wina ta juya fuska ga taga.

"Ina ta tunanin su waye."

Ta share hanci da tawul ɗin faranti. Ta gaji da ɓoyo, ta gaji da komai.

"Ɗaya tawa ce, Ligio. Pastechin ma ba don a cece ka na soya ba, don a taru a kore ka ne. Ina son ganin jikata. Ka yi fushi in za ka yi."

Ya taka birki a tsakiyar hanya. Ya dube ta. Kafaɗunsa suka fara rawa, sai ga shi ya kifa kai a sitiyari yana dariya har hon ya yi ƙara, awaki suka watse.

"Me ye abin dariya?"

"Tun asuba! Faranti huɗu! Wayyo cikina!" Ya share hawaye. "Dushi, ni fa da na ga pastechin nan da safe na ce shi ke nan, matar nan ta kashe ni, ba mai korata yau."

Ta zuba masa ido. "Ta biyun..."

"To waye ya gaji da Ligio a garin nan kamar ni? Gwiwata ciwo, barci ba na yi. Hoton yarinyar nan yana aljihuna a kowane wasa, shi ya sa ma rabin lokaci ban san wa na cire ba."

"Ka ce min mana! Mugu! Ka bar ni ina ta ƙone yatsu!" Ta kai masa duka da tawul, tana kuka tana dariya. Sai kuma ta tsaya. "To yanzu fa? Sun ce ka zauna."

"Sun ce." Ya gyara zama, ya tayar da mota. "Jiya in na tafi, matsoraci ne ya gudu. Yau mutum ɗari da arba'in da ɗaya sun ɗaga ni sama. Wanda aka yi wa haka, in ya ce zai je baftismar jikarsa, wa zai ce tsoro ne?"

Maimakon ya miƙe gida, sai ya juya kan motar ya koma gindin tsamiya. Ana nan ana rawa. Ya leƙo ta taga ya kira Chito, ya zo da gudu yana haki.

"Koci! Faɗi ko me kake so!"

"Na gode da ƙuri'a. Zan tafi Tilburg ni da Wina, wata guda. Wasa huɗu ke nan. Kai za ka riƙe yaran."

Murmushin Chito ya daskare. "Ni? Ai ni... bas fa, Koci. Ni daga waje nake gani."

"Wata biyu kana faɗa min wanda zan saka. Atisaye Talata da Alhamis, ƙarfe biyar. Wasan farko da ƙungiyar da ke saman teburin gasa ne."

Labari ya zagaya kafin motar ta juya. Suna barin wurin suka ji mai ƙaho ya busa, wani kuma ya fara gwada yadda "Chito tafi gida" zai zauna a waƙa.

Wina ta jingina da kujera, iskar teku na shigowa ta taga. Daɗi ya cika ta har ba ta san inda za ta sa shi ba. Ta fara lissafa abin da za ta kai: busasshen kifi, garin masara, 'yar rigar da ta ɗinka wadda ƙila yanzu ta yi kaɗan.

"Ka san ba ka da rigar sanyi ko?" ta ce.

"Ga jakit ɗin ƙungiya."

"Ba za ka shiga cocin mutane da rigar da ta yi wasa tara ba ci ba. Gobe da safe za mu shiga gari."